Kalmar "edification": gyaran hali ce, tarbiyya ce, ko me?

Ɗalibar Zazzau:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin bayani a kan kalmar Turancin nan "edification" da 'yan'uwanta "edify" da "edifying". Ƙamus ya ce ma'anarta kyautata ɗabi'ar mutum ko tunaninsa. To amma akwai jimloli biyu da suka ƙi haɗuwa a kaina. Ta farko: "The tales were written for the edification of the young." Wannan na gane ta, labarai ne da aka rubuta don tarbiyyar yara. Ta biyu kuwa a jarida take, ana maganar wasu 'yan majalisa da suka ba hammata iska, sai aka kira abin "an unedifying spectacle". Me ya haɗa tarbiyya da dambe?

Tambayoyina uku ne. In an fassara ta da "gyaran hali" an yi daidai? Mene ne bambancinta da "educate" da "reform"? Sannan in mutum zai aika wa shugaban makaranta rahoto, zai iya rubuta "for your edification" a madadin "for your information"? Ni dai ta fi mini daɗi a kunne. Allah ya ƙara sani.

Baba Ƙamus:

Wa alaikumus salam. 'Yata, in fara da ta ukun tunda ita ce mai ƙona hannu: kada ki rubuta wa shugaba haka. Dalilin zai fito da kansa in kin bi bayanin.

Wannan kalma ba ta zama a kai sai an san asalinta, asalinta kuwa aikin magina ne. A Latin, "aedes" ɗaki ne ko wurin bauta, "facere" kuma yi. Da aka haɗa su sai suka ba da "aedificare", wato tayar da gini, ginin gaske na dutse da laka. Daga Latin ta gangara Faransanci, Turanci kuma ya aro ta daga can a ƙarni na 14, zamanin da kalmomin Faransanci suka cika Turanci bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Shi ya sa "edifice", wato katafaren gini, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da ita. A tsohuwar Rum ma akwai jami'in da ake kira "aedile", mai kula da gine-ginen gari da kasuwanni, Julius Kaisar ya riƙe wannan muƙami a shekara ta 65 kafin haihuwar Annabi Isa.

To yaya gini ya koma hali? Ta hanyar littafin addinin Kirista. A wasiƙun Bulus na Sabon Alkawari, waɗanda aka rubuta da Girkanci, ana kwatanta jama'ar masu bi da gida, ana kwatanta ƙarfafa imaninsu da ɗora tubali a kan tubali. Kalmar Girkancin ita ce "oikodome", ginin gida. Masu fassara zuwa Latin suka sa "aedificare" a gurbinta, masu fassara zuwa Turanci suka bi sahu. A fassarar Sarki James ta 1611, a 1 Korintiyawa 8:1, an ce "Knowledge puffeth up, but charity edifieth", wato sani yana kumbura mutum, ƙauna kuwa gina shi take yi. Ki dubi yadda aka jera su: kumburi da gini. Dukansu girma ne a ido, amma ɗaya iska ce a ciki. Wannan aya kaɗai ta isa ta nuna miki cewa "edify" ba ita ce "educate" ba, tunda ga ilimi can gefe guda, ga "edify" a ɗaya gefen. Fassarorin Turanci na zamani da yawa sun ajiye kalmar ma, sun koma cewa "build up" kai tsaye. Ma'anar ginin dutse kuwa ta mutu a Turanci, ƙamus na sa mata alamar tsohuwar ma'ana, sai ta halin ta rage.

Ba Turanci kaɗai ba. Jamusanci na da "Erbauung" daga "bauen", gini. Masanin falsafar nan na Denmark, Kierkegaard, ya fitar da wasu jawabai a 1843 da 1844 waɗanda wasu masu fassara suka kira "edifying", wasu daga baya suka ce "upbuilding", don su dawo da hoton ginin a fili.

Yanzu ga amsar tambayarki ta farko. "Gyaran hali" ba ta dace ba, domin ba a gyara sai abin da ya lalace. Duk wanda aka ce an gyara masa hali, an riga an shaida cewa da can halin a karkace yake. Wannan aikin "reform" ne da "correct" da "rehabilitate". Ai kin ga tun da dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yarin Najeriya zuwa "Nigerian Correctional Service", kafafen labarai suka koma cewa gidan gyaran hali. Haka gidajen horon kangararrun yara da ake kira "Borstal" a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, sunan wani ƙauye ne kusa da Rochester a Ingila inda aka fara irin wannan gida a 1902. Abin da ake nufin yi a can shi ne "reform". Ita kuwa "edify" ba ta zargin kowa da komai. Mutumin kirki, malami ma, yana iya sauraron karatu a ce an yi masa "edify", domin an ƙara masa a kan alherin da yake da shi. Ɗori ne, ba faci ba.

Bambancinta da "educate" kuwa: "educate" ya ƙunshi kowane irin sani, lissafi, tuƙi, haɗa magani, har da sanin da za a cuci mutane da shi. "Edify" sai abin ya taɓa ɗabi'a ko ruhi, ko aƙalla ya ɗaga tunani. Ba a cewa darasin jadawalin sau ya yi "edify" ɗin yara.

In kina son hoton da zai riƙe miki ma'anar, ki tuna yadda muke cewa abinci mai gina jiki. Wake da ƙwai da nono ba magani ba ne, mai lafiya ma yana ci ya ƙaru. "Edifying" ita ce magana ko karatu mai gina hali.

Mai Jan Biro:

Baba ya gama da asali, Allah ya ƙara girma. Ni zan tsaya a kan yadda ake sarrafa ta, domin nan ne maki yake zubewa a takardun ɗalibai.

"Edify" aikatau ne so-karɓau, wato mai bukatar abin da aikin zai faɗa wa, kuma karɓaunsa mutum ne ko abin da ke cikin mutum: "edify the audience", "edify the reader", "edify the mind". Ba a yi wa titi ko tattalin arziki ko yanayin aiki "edify". Waɗannan "improve" suke so, ko "ameliorate" in ana son babbar kalma. Ita "ameliorate" akasin haka take, tana hawa kan yanayi, ba ta hawa kan mutum. Duk wanda ya rubuta "ameliorate the children" ya yi kuskure daidai da wanda ya rubuta "edify the roads".

Rubutu: harafin y yana komawa i a "edifies" da "edified", amma yana nan daram a "edifying". Sunan yana bin tsarin "clarify" da "clarification", "purify" da "purification". Saboda haka daga "edification" ba a komawa baya a ƙirƙiro "edificate". Wannan kuskure yana yawan fitowa, dalili kuwa shi ne ɗalibi ya saba da "educate" da "education", sai ya zaci awo ɗaya ne. Sannan suna ne da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko gari. Ba a cewa "an edification", ba a yi masa jam'i. In ana son a ƙirga, sai a ɗauko sifa: "an edifying story", "two edifying lectures".

Furuci: "edify" gaɓa uku ce, nauyin yana kan ta farko, E-di-fai. "Edification" gaɓa biyar, nauyin ya tashi ya koma ta huɗu, e-di-fi-KEI-shin. Mu Hausawa mukan furta f da leɓɓa biyu, sai ta fito kamar "edipai". A ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, shi ke nan.

Wata masifa kuma ita ce "deify". Haruffa biyar ne iri ɗaya, wurin biyun farko kawai aka sauya, amma ma'anarta mayar da mutum abin bauta. Na'urar gyaran rubutu ta kwamfuta ba za ta ja layi a ƙarƙashinta ba tunda kalma ce sahihiya. Mai son ya ce malami yana gina ɗalibansa, in yatsa ya zame, sai ya ce yana bauta musu.

Sigogin da aka fi haɗuwa da su huɗu ne. Akwai "for the edification of" wani, kamar jimlarki ta farko. Akwai "edified by", misali "The congregation was edified by the sermon", wadda za ki ji ta sosai a Turancin coci a Najeriya, kuma a can da zuciya ɗaya ake faɗinta, babu wani abu a ƙasa. Akwai "for my own edification", wadda mutum ke faɗa in zai yi tambayar da ba ta zama dole ba, kamar a ce "don dai in ƙaru". Sai "for your edification", wadda kike son sa wa a wasiƙa.

Matsalar ta ƙarshen ita ce wa yake gina wa. Mai gini yana sama, wanda ake ginawa yana ƙasa. In kika rubuta wa shugaba haka, kin ce masa ga abin da zai inganta tarbiyyarsa ko ya cike giɓin saninsa. Kamar ɗalibi ne ya miƙa wa malamin zaure littafi ya ce "ga wannan, Malam, ko ka ɗan ƙaru." Ko tsakanin tsara ma Bature yakan ji ƙanshin raini a cikinta, sai dai in wasa ake yi. Abin da ake rubutawa shi ne "for your information" in sanarwa ce kawai, "for your attention" in ana son ya duba, "for your consideration" ko "for your approval" in ana jiran hukuncinsa. Juya ta kanki kuwa ladabi ne, "for my own edification" ba ta taɓa ɓata wa kowa rai.

Ga masu shirin JAMB ko WAEC, a tambayoyin kalma mafi kusa da ma'ana ku nemi "enlighten" ko "uplift" ko "instruct". A na kishiya ku nemi "corrupt" ko "debase" ko "deprave". In kun ga "construct" ko "erect" a cikin zaɓi, tarko ne aka ɗana wa wanda ya san "edifice" bai san sauran ba.

Ɗalibar Zazzau:

Na gode ƙwarai malamai, Allah ya saka da alheri, wasiƙa kam ta tsira. Sai dai har yanzu 'yan majalisata suna nan suna dambe ba a raba su ba. Kuma Baba, in na rubuta "mai gina hali" a fassara, mai karatu zai gane kuwa?

Tafinta:

Ƙanwata, tambayar nan taki ta biyu ita ce inda zan ɗan saɓa wa Baba, da neman afuwa. Hoton gini yana da kyau wajen fahimta, amma wajen fassara ba kullum yake ɗaukar kaya ba. Baturen da ke cewa "edifying" yau ba ya ganin tubali a ransa, kamar yadda Bahaushe in ya ce "wayar da kai" ba ya tuna wayewar gari. Hoton ya daɗe da dusashewa. In kika dawo da shi da ƙarfi a Hausa, kin sa wa jimlar kwalliyar da babu ita a asali. Ga shi kuma "gina" a Hausa baki biyu gare ta, ana gina ɗaki a yi sama, ana gina rami a yi ƙasa, har da ramin mugunta da aka ce a gina shi gajere. "Mai gina hali" za a gane ta, musamman a rubutun makaranta, amma "wa'azin ya gina ni" sai wanda ya saba da irin wannan magana.

Abin da ya fi shi ne a dubi kalmomin da muke da su, a ga kowace ina ta dosa. Tarbiyya ita ce ta fi kusa in yara ne ko ɗalibai, domin asalinta a Larabci reno ne da haɓakawa, babu zargin lalacewa a ciki. Amma tarbiyya aiki ne na shekaru, kuma daga babba take zuwa ga ƙarami. Ba a cewa lacca ɗaya ta yi wa dattawa tarbiyya. "Edify" kuwa tana iya faruwa a zama ɗaya. Faɗakarwa farkarwa ce, tana nuna akwai gafala ko haɗarin da ba a lura da shi ba, saboda haka ta fi karkata ga gargaɗi. Wayar da kai ita ce "enlighten" sak, haske da haske, kuma ta fi zama a kan rigakafi da zaɓe da tsaftar muhalli fiye da ɗabi'a. Nasiha da wa'azi sunan abin da mai magana ya yi ne, ba sunan abin da ya samu mai sauraro ba. Ana iya yin wa'azi awa biyu ba wanda ya ƙaru.

Wannan "ƙaru" ɗin ita ce kalmar da aka fi mantawa da ita, alhali ita ce ta fi yin aikin. "I was greatly edified by the lecture", Bahaushe cewa zai yi "na ƙaru ƙwarai da laccar nan". "An edifying conversation", hira ce mai ƙaruwa, ko hirar da aka ƙaru da ita. Tana da abin da Baba ya bayyana duka: ɗori ne a kan abin da ake da shi, ba ta zargin kowa, malami ma yana faɗinta ba tare da girmansa ya ragu ba. Rauninta ɗaya, ba ta ware ɗabi'a daga sauran sani, mutum na iya ƙaruwa da darasin kiwon kaji. In jimlar tana bukatar a fito da ɗabi'a sai a ƙara mata: "don kyautata ɗabi'un matasa", "mai cusa kyawawan halaye".

Masu karatun Larabci suna da wasu kalmomi biyu da sukan kawo. "Tahzibi" asalinta datse rassan itace don ya miƙe, ita ce a sunan littafin Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, a kan gyaran ɗabi'u. "Tazkiyya" tsarkakewa ce, tushensu ɗaya da zakka. Dukansu suna da ragewa a ciki, a cire abin da bai dace ba. A rubutun addini suna zama, amma ki sani kin ɗan matsa daga ɗori zuwa sassabe.

Saboda haka jimlarki ta farko: "An rubuta labaran ne don tarbiyyar yara." In da manya ne, misali a ce Nana Asma'u ta tsara waƙoƙinta "for the edification of women", waɗanda malamai mata da ake kira jaji suka riƙa kai wa mata ƙauye-ƙauye, sai ki ce don karantar da mata da kyautata addininsu da ɗabi'unsu. Kalma ɗaya ta zama kalmomi da yawa, ba laifi ba ne. In kika ga "for instruction and entertainment" ko "for edification and amusement", ga tagwayenmu na gidan rediyo a shirye, faɗakarwa da nishaɗantarwa.

Yanzu 'yan majalisa. "Unedifying" a zahiri tana nufin abin da ba a ƙaruwa da shi. Amma ɗabi'ar Turancin Ingila ce a faɗi ƙasa da abin da ake nufi, a bar mai karatu ya cike. Ɗan jarida ba zai ce abin kunya ne kai tsaye ba, sai ya ce ba abin da za a koya a ciki, kowa kuma ya gane. Muna da irinta: in aka ce wa dattijo "abin nan bai yi tsari ba", ai an gama zaginsa cikin ladabi. Shi ya sa kalmar ta fi hawa kan manya, 'yan siyasa, shugabannin addini, iyalin mamaci masu rigimar gado a bainar jama'a, wato waɗanda ya kamata a yi koyi da su. Yara biyu in suna kokawa a layi ba a kiran abin "unedifying", ba wanda ya sa ran koyon komai daga gare su. Kalmomin da take yawan rakiya su ne "spectacle", "sight", "scene", "row", "squabble". Fassararta: "abin zubar da girma", "abin da bai dace da manya ba", ko "abin kunya" in labarin ya yi zafi. Kada a kai ta "abin Allah wadai", wannan ya zarce nauyinta. Kada kuma a ce "kallo marar ilimantarwa", wannan fassarar ƙamus ce, ba wanda zai gane zagi ake yi.

A kula da gatse ma. "Well, that was edifying" bayan taron da aka tashi baram-baram, daidai take da "kai, yau kam mun ƙaru." Alamominta su ne "hardly", "not exactly", "not very", "less than" a gabanta, ko kuma a ga an ɗora ta a kan abin da kowa ya san ba alheri a ciki. In mai fassara bai ji gatsen ba, sai ya mayar da suka yabo, kuma wannan ya fi kowane kuskuren nahawu muni.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku da aiki. Ƙarin bayani ga 'yan'uwa da suka yi boko da Faransanci, mu na Nijar da Kamaru da Chadi, domin tarkonmu daban ne.

A Faransanci "édifier" ba ta rasa ma'anar gini ba. Ana cewa "édifier un monument", "édifier une nation". Wanda ya ɗauko wannan ya zuba a Turanci sai ya rubuta "edify a monument", wanda ba ya da ma'ana. Turanci "build" ko "erect" yake so a nan. Ma'anar ɗabi'a ma tana nan, tsohuwa ce: wasiƙun da limaman Jesuit suka riƙa aikowa daga Sin da Indiya da nahiyar Amurka an buga su a Faransa daga 1702 zuwa 1776 da sunan "Lettres édifiantes et curieuses".

Sai ma'ana ta uku, wadda ta fi yawa a jaridunmu: "édifier l'opinion", a fayyace wa jama'a gaskiyar wani al'amari. Minista zai kira 'yan jarida "pour édifier l'opinion" a kan kwangila ko farashin mai. A Turanci wannan "inform the public" ne ko "clarify the matter" ko "set the record straight". In aka ce "edify the public", sai ya zama kamar ministan zai hau mumbari ya koya wa talakawa ɗabi'a. Haka "un rapport édifiant" sau da yawa rahoto ne da ya tona asiri, Turancinsa "revealing" ko "telling", wani lokaci ma "damning". Wanda ya ce "an edifying report" ya juya maganar.

Baba Ƙamus:

Tafinta, na karɓi gyara a kan "ƙaru", ta fi tawa zama a bakin mutane. Abu ɗaya zan riƙe: a rubutun addinin Kirista, inda ake maganar ikkilisiya, wato jama'ar masu bi, a matsayin gini, dole mai fassara ya bar hoton ginin, domin ayoyin da ke kewaye suna maganar harsashi da dutsen kusurwa. In aka sa "ƙaru" a can, zaren ya tsinke.

'Yata, saura abu guda da ba a taɓo ba, 'yan'uwan kalmar masu baƙin jini. "Moralise" da "sermonise" da "preachy" duk suna nufin yi wa mutane wa'azin da ba su nema ba, kalmomin kushe ne. "Didactic" tana tsakiya: a nazarin adabi suna ne kawai na rubutun da aka yi don koyarwa, da ita ake kiran waƙoƙinmu na wa'azi a Turanci, amma a sharhin fim ko labari in an ce "too didactic" ana nufin darasin ya danne labarin. "Edifying" tana duban abin da mai karatu ya samu, "didactic" tana duban niyyar marubuci da salonsa. Littafi na iya zama "didactic" daga bango zuwa bango ba wanda ya ƙaru da shi.

Ɗalibar Zazzau:

Na fahimta Baba. To in gwada, a duba mini: "The principal's speech edified us about the new timetable." Da kuma: "Her patience during the illness was an edification to all."

Mai Jan Biro:

Ta farko ba ta yi ba. Jadawalin darasi sanarwa ce, ba ɗabi'a a ciki, kuma "edify" ba ta cika son "about" a bayanta ba. Ki ce "informed us about" ko "briefed us on". In kika bar ta yadda take, mai karatu zai zaci gatse kike yi wa shugaban.

Ta biyu ma'anar ta zauna daidai, haƙurin mara lafiya abu ne da masu kallo ke ƙaruwa da shi. Nahawun ne ya ɗan zame a "an edification". Ki ce "was edifying to all who saw it", ko "was a source of edification to all". In kuma ba rubutun coci ko na makaranta ba ne, ta'aziyya ce ko saƙo ga 'yan'uwa, "was an example to us all" ta fi sauƙi, kuma ita Bature zai fi faɗa.